Ra'ayin Ramlatu

Kowace Lahadi bayan la'asar, Samira takan ajiye takardun ɗalibanta, ta kunna tele a ɗakinta na unguwar Bukoki, ta kalli Jirgin Bakwai. Shiri ne na wasu mutane da suka bar duniya cikin jirgin sama jannati suna neman wata ƙasa tsakanin taurari. An juya shi zuwa Faransanci, kuma shekara uku ke nan ana nuna shi.

Samira malamar lissafi ce, 'yar Damagaram, aiki ya kawo ta Yamai. Ba ta san mutane da yawa ba sai da ta shiga gurup ɗin masu kallon shirin a waya. Su goma sha ɗaya ne, gardamarsu kuma guda ce tun shekarar farko: wa ya dace da Kaftin Nayla, shugabar jirgin? Dokta Silas, likitan da matarsa ta mutu a hanya, ko Daro, wanda injiniyoyi suka ƙera da siffar mutum, ba ya barci, ba ya tsufa?

Harouna, wani ma'aikacin gwamnati ɗan Tawa, shi ne jagoran masu son Silas. Kullum cewa yake, "Mace mai hankali ba ta auren ƙarfe. In batir ya ƙare fa?" Samira tana goyon bayansa. Ramlatu ce kaɗai ta tsaya wa Daro da gaske. Haifaffiyar unguwar Gamkalle ce a nan Yamai, Bazabarma, Hausarta ta kasuwa ce, tana tafe tana tuntuɓe amma ba ta faɗuwa. Takan rubuta, "Silas magani yake nema, ba mata ba. Ranar da ya warke zai tafi. Daro ba ya neman komai wurinta, yana tsaye bakin ƙofa kawai." Takan kira Samira Madam, ta kira Harouna Direkta, kuma duk saƙonta da bankwanan Zabarmanci yake ƙarewa, kala tonton.

Sau biyu kawai ita da Samira suka haɗu ido da ido. Na biyun a wani shagon atamfa ne a unguwar Mawrai, inda suka tsaya awa guda suna musu a kan Nayla har mai shagon ya kawo musu kujeru. A nan Samira ta faɗi abin da ba ta taɓa rubutawa a gurup ba: ita ma Daro take so a ranta, tsoron dariyar Harouna ne ya hana ta faɗa.

Cikin damina Ramlatu ta kwanta da zazzaɓi, kwana huɗu, ta rasu. Samira ta je gaisuwa Gamkalle, ta ga mijin, Abdulhakim, daga nesa, zaune cikin maza yana kallon tafin hannunsa. Gurup ya yi shiru mako biyu. A na uku mutane suka fara magana a hankali, kamar masu shiga ɗakin marar lafiya.

Ran nan aka nuna kashin shirin da Silas ya riƙe hannun Nayla a ɗakin shuke-shuken jirgin. Harouna ya rubuta cewa magana ta ƙare. Minti biyar bayan haka saƙo ya shigo daga lambar Ramlatu, da hotonta na ɗankwali kore.

"Direkta kai ba ka duba bayansu ba. Daro yana bakin ƙofa, ya gani, ya juya a hankali don kar su ji takunsa. Wanda ya iya wannan shi ne mai so. Kala tonton."

Samira ta ajiye wayar a kan tabarma kamar ta ɗauko garwashi. Daga baya ta nemo wannan kashi na shirin a intanet ta sake dubawa. Can a kusurwa, cikin duhun ƙofar, akwai inuwar Daro, daƙiƙa biyu, sannan babu.

Harouna ya rubuta cewa duk wanda ke wannan wasa ya ji tsoron Allah. Ba a amsa ba. Ya kira lambar, aka ce a kashe take. Mutum uku suka fita daga gurup kafin magariba.

Lahadin da ta biyo baya, saƙon ga Samira aka yi shi, a gaban kowa.

"Madam har yanzu kina jin tsoron dariya? Faɗa musu abin da kika gaya mini wurin atamfa."

Samira ba ta iya cin abinci ba ranar. Duk makon tana rubuta lissafi a allo tana jin kamar wani na tsaye bakin ƙofar aji. Da wata Lahadin ta zo, ta yi sallar azahar, ta tare taksi zuwa Gamkalle.

Ta samu Abdulhakim a lambunsa kusa da kogi, yana ban ruwan ganyen salati. Dogo ne, ya rame. Ta gabatar da kanta, ta sake yi masa gaisuwa, sannan ta nuna masa saƙonnin. Ya goge hannunsa a riga ya karɓi wayar, ya riƙe ta nesa da idonsa, ya daɗe.

"Malama, karanta mini," in ji shi. "Karatun bokona bai kai nan ba. Ni murya nake aikawa."

Ta karanta. Da ta zo kan bankwanan ƙarshe, sai ya zauna a kan bokiti.

"Wayarta tana gida," ya ce. "Babu mai taɓa ta sai ni. Ran Lahadi gidan yana yin shiru da yawa, shi ya sa nake kunna tele lokacin shirin nata, don in ji ƙarar da na saba ji. Da can faɗa nake yi mata a kansa, ban taɓa zama na kalla ba. Yanzu nakan zauna inda take zama. In an gama sai in ga wayarta a hannuna, da ɗumi. Ban san lokacin da na ɗauko ta ba." Ya ɗaga kai. "Malama, wane ne Daro?"

Samira ta karɓi wayarta daga hannunsa. Ta roƙe shi ya bar ta ta kalli na yau tare da shi. Suka tafi gidan, ya kira ƙanwar mahaifiyarsa, wata tsohuwa da ke zaune a gidan tun rasuwar, ta shimfiɗa musu tabarma a falo. Samira ta karɓi wayar Ramlatu, ta tabbatar a kashe take, ta sa a jakarta, ta ɗora jakar a cinya.

Shirin ranar ya yi nauyi. Jirgin ya lalace, dole wani ya sauka a wata tsohuwar tasha ya riƙe ƙofa da hannu har sauran su wuce. Daro ya sauka. Nayla ta tsaya a taga, Silas a gefenta, tashar tana ƙanƙancewa. Tsohuwa tana gyangyaɗi. Abdulhakim bai motsa ba tun farko, amma Samira ta lura da babban yatsansa na dama yana tafiya a kan gwiwarsa, yana dannawa, yana tsayawa, kamar mai rubutu a waya.

Da waƙar ƙarshe ta fara, ya buɗe baki, idonsa na kan tele. Muryarsa ce, amma tuntuɓen Hausar ba nasa ba ne.

"Madam kin gani ko? Ba ta yi kuka ba. Za ta auri likita, amma duk inda ta zauna wajen taga za ta zauna."

Tsohuwa ta farka ta ce, "Innalillahi," ta dafe ƙirji. Abdulhakim ya juyo ya dube su da mamaki, ya tambaya ko an gama, ya ce ƙishirwa yake ji. Samira ta zura hannu a jaka. Wayar a kashe take, da sanyinta.

Kafin ta tafi ta gaya masa abin da ya faɗa, kalma bayan kalma. Bai musa ba. Ta mayar masa da wayar, ya ce gobe zai kai ta wurin mahaifiyar Ramlatu, zai kuma je wurin limamin unguwa a yi addu'a. Ya cika mata leda da salati da albasa, ya raka ta bakin titi. A cikin taksi ta cire lambar Ramlatu daga gurup, sannan ta rubuta cewa ta je gidan, a yi wa Ramlatu addu'a, a bar maganar. A ƙasa ta ƙara cewa ita Daro take so tun farko. Harouna bai yi dariya ba, amin kawai ya rubuta.

Saƙo bai sake zuwa ba. Bayan wata biyu Abdulhakim ya kira ta. Ya ce ya daina kunna tele ran Lahadi, yana barci yanzu, amma akwai abin da ke damunsa: shekara uku matarsa tana son abu, shi bai san ko mene ne ba. Ko za ta ba shi labarin tun daga farko?

Ta je da Harouna wata Asabar da hantsi. Suka zauna a lambu, ƙarƙashin mangwaro, Abdulhakim yana tsinke ciyawa yana saurare. Samira ta fara daga ranar da jirgin ya tashi, ta zo inda Nayla ta fara haɗuwa da Daro a ɗakin injin, ta ce Nayla ta miƙa masa hannu.

"A'a," in ji Abdulhakim, bai ɗago ba. "Ba ta miƙa ba. Sunansa ta tambaya, ya ce ba a ba shi suna ba tukuna."

Harouna ya dubi Samira. Haka aka yi, su biyun sun tuna, a kashi na biyu na shekarar farko. Abdulhakim ya jefar da ciyawar da ke hannunsa ya ce ta ci gaba. Samira ta gyara mayafinta, ta ci gaba daga ɗakin injin.