Ɗanyar Gorar da Na Ba Fuljan

Sau bakwai kogin Jamuna ya cinye mini gida, sau bakwai na kafa wani. Shekarar babbar yunwa na yi wata biyu ina cin gindin ayaba, ban mutu ba. A ambaliyar da ta shafe rabin ƙasarmu na kwana uku a kan mangwaro ni da maciji, yana reshensa ina nawa, kuma shi ya fara gajiya ya sauka. Ban taɓa zama a aji ba, har gobe da babban yatsa nake sa hannu. Amma a ɗaure mini ido a miƙo mini gora, ƙwanƙwasawa ɗaya zan yi in faɗi shekarunta. Ni ne Tofazzal Mondol. Na jero wannan duka ne don ku san abin da na yi wa Fuljan ba cikin rashin sani na yi shi ba.

Tun da na dawo bayan jingar da ke tare kogi, inda ruwa ba ya kaiwa, na dasa gora gindi goma sha ɗaya, kuma ban taɓa sayar da ko sanda ɗaya ba. A yi rasuwa, wurina ake zuwa a sari ta rufin kabari. Mai surun kama kifi, mai tsani, mai shingen kabewa, kowa ya zo ya ɗauka. Matata Rohimon takan ce, "Baban Monir, gorar ce ba ka sayarwa, amma labarin kyautar har kasuwa kake kai shi talla."

Bara da ruwa ya fara janyewa, gaɓa ta zube da gidaje goma sha tara a tsibirin da ke gabanmu. Mutanen suka hau jinga da kwanonin rufinsu da awakinsu. Ina zaune a rumfar Kuddus mai shayi, an cika, sai na ajiye kofi na ce, "Duk wanda kogi ya ci wa ɗaki, dirka da tsaiko suna wuyana. Kar wanda ya nemi gora a wani wuri."

Nogen Das yana gefe yana fere tsinke. Masaƙin kwando ne, sa'ana, shekara arba'in muna tsokanar juna. Bai ko ɗago ba ya ce, "Mondol, gindi sha ɗaya fa gare ka, ba daji ba. Bari in kama maka da tawa."

"Taka? Wannan da ta yi kama da gemun akuya? Riƙe abarka ka yi tsinken sakace. Gorata ba ta ƙarewa."

Aka yi dariya. Har yanzu ina jin daɗin dariyar nan, Allah Ya yafe mini.

Na yi aikin yadda ubana ya koya mini. Ba na sara sai wata ya yi duhu, ba na sara ran Lahadi, kuma sai wadda ta haura shekara uku, wadda jikinta ya yi dabbare-dabbare, in ka buge ta ta amsa kamar ƙarfe. In an sara a danna ta cikin kududdufi wata guda cur, har zaƙin cikinta ya fita, ta yi baƙi ta yi ɗoyi. Wannan ce ƙwaro ba ya kusanta. Gida goma sha takwas suka tashi da gorata, kuma ku je ku girgiza su, ko ɗaya ba zai motsa ba.

Na sha taran ita ce Fuljan. Mijinta Sobhan ya rasu kafin zubewar gaɓa, tana cikin takaba a wata bukkar leda ita da uwar mijin, tsohuwar da ƙafafunta suka mutu. Sai tsakiyar sanyi ta fita takaba. Ta zo ta tsaya a bakin garkena, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Yaya, an ce kai ke ba da gora."

Na waiwaya na dubi kurmina. Ba sauran tsohuwar gora ko ɗaya. Sai ta bana da ta bara, tsanwa shar, masu kauri, masu kyau a ido, cikinsu ruwa ne da zaƙi.

Abin da ya kamata in ce bai fi kalma biyu ba: ta ƙare. In taka zuwa wurin Nogen, shi ke nan. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Matar Sobhan, ai taki tuni tana cikin ruwa. Nan da kwana biyar zan kawo miki."

Washegari na ɗauki adda. Na sari ta bara, na ɓare kunnuwan da ke gaɓoɓinta, na goge farar hodar jikinta da bambaro, na tura ta can ƙarƙashin baƙin taɓon kududdufi. Kwana huɗu ta yi. Da na fito da ita na ƙara shafe ta da taɓo na bari ya bushe a kai. Daga nesa ba ka raba ta da jiƙaƙƙiya.

Rohimon ta zo wanke tukwane ta same ni. Ta dubi gorar, ta dube ni.

"Wa za ka yi wa kwalliyar nan?"

"Je ki ki yi wankinki."

"Ɗanya ce fa. Ko ni da ban iya ba na ga ɗanya ce."

"Za ta kai baɗi. Baɗi in canja mata ba wanda ya sani."

"Baɗi," in ji ta. Ta kwashi tukwanenta ta koma ɗaya gefen kududdufin, inda ba za ta gan ni ba.

Ranar da na kai, Fuljan ta durƙusa ta shafa ɗaya, ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa. Sau ɗaya tak. Sannan ta ce, "Allah Ya saka da alheri, Yaya." Na ce ni da kaina zan kafa ɗakin, ba na son hannun kowa. Na ɗauko wasu masunta biyu da ba su san komai ba sai ruwa, muka kafa dirka takwas, muka ɗora kwano, na yi maza na rufe dirkokin da dangar karan rama. Mutane suka ce dubi Mondol, tsofai-tsofai da shi ya hau tsaiko saboda matar mamaci. Liman har ya ambace ni a huɗuba. Na sunkuyar da kai a sahu, aka ɗauka tawali'u ne.

Daga nan na bar bin hanyar jinga. In zan je kasuwa sai in zaga ta gonakin shinkafa, in ce wa mutane likita ya ce in riƙa tafiya.

Wata uku aka yi haka. Zafi ya shigo, sararin yamma ya fara yin ja da la'asar, kowa ya san guguwar watan Boishak ta kusa. Wata safiya saniyata ta tsinke igiya ta hau jinga, na bi ta, ban farga ba sai ga ni a ƙofar Fuljan. Tsohuwar ta hango ni daga kan gado.

"Wa nake gani kamar Tofazzal? Shigo mana, ɗan albarka! Ka gina ɗaki ka ƙi zuwa ka sha ruwa a ciki?"

Na cire takalmi na shiga. Fuljan tana tsugune a lungu da tsintsiya, ta yi sauri ta tura wani abu bayan tulu. Amma na riga na gani. Gari ne, rawaya, mai laushi kamar na alkama, ya taru a gindin dirka. Na ɗaga karan rama na duba. Huji ne ƙanana kamar na allura, ba iyaka, daga ƙasa har inda hannuna ya kai. Na danna babban yatsa, gorar ta lotsa.

Tsohuwa tana ta sa mini albarka. Na ce wa Fuljan ta zo waje ta nuna mini inda saniyata ta yi.

"Tun yaushe?"

"Tun watan jiya. Kullum da safe nake sharewa kafin maƙwabta su shigo."

"Kin san ɗanya ce?"

"Yaya, ubana kwando yake saƙawa. A cikin ɓawon gora na yi rarrafe."

"To don me kika karɓa? Don me ba ki jefa mini ita a fuska ba?"

Ta gyara mayafinta. "In na ƙi, sai a tambaye ni dalili. Kai ka rufe kabarin Sobhan da gorarka, ba ka jira an roƙe ka ba. Ni ce zan tsaya a jinga in ce Mondol ya ba ni ɗanya?"

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Iska fa ta kusa."

"Na sani. Na yi dabara. In ta taso sai in shimfiɗa zane a ƙasa, in mirgino Inna a kai, in ja ta ƙarƙashin gado. Katakon mai ƙarfi ne. Mun gwada sau biyu, tana shiga. Na ce mata wasa ne."

Ni da na kwana uku a kan bishiya ruwa yana wucewa da gawarwaki ban yi kuka ba, ranar da hawaye na ja saniyata na sauka daga jinga.

Ban koma gida ba. Na ɗaure ta a bakin hanya na nufi unguwar su Nogen. Yana tsakar gida yana tsaga gora, kwanduna jibge a bayansa, na bikin sabuwar shekara da yake samun abincin wata uku da su.

"A'a! Yau rana ta ina ta fito? Mai daji da kansa a gidan gemun akuya? Ko tsinken sakacen ka zo karɓa?"

"Nogen, gora nake so. Jiƙaƙƙiya. Dirka takwas da ta tsaiko."

"Kai? Taka da ba ta ƙarewa?"

"Ta ƙare."

Ya buɗe baki zai ƙara wata, sai ya dubi fuskata ya fasa. Ya ajiye wuƙa. "Ɗakin wa?"

Na faɗa masa. Duka na faɗa, har taɓon. Na so ya zage ni, wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai kawai ya tashi, ya tattare zanensa ya ɗaure a ƙugu, ya shiga kududdufinsa har ƙirji, ya fara turo su waje ɗaya bayan ɗaya. Baƙaƙe, masu nauyi, ɗoyinsu ya cika gidan. Su ne ya ajiye don sauran saƙar bikin.

"Kwandunanka fa?"

"Kama can ka ja, tsoho. Surutu ba ya ɗaga gora."

Canja dirkar ɗakin da ke tsaye ba aikin ɓoye ba ne. Sai mutum takwas sun tallafe rufi da kafaɗa ana zare tsohuwar dirka ana sa sabuwa. Na bi gida-gida na kira su da bakina, waɗanda na ba gora da waɗanda suka yi dariya a rumfar shayi. Aka fito da uwar Sobhan da gadonta aka ajiye a inuwa. Mata suka taru, yara suka hau jinga.

Da aka ɗaga rufin, Kuddus ya rungumi dirkar farko zai zare. Ta karye a hannunsa kamar rake. Gari ya zubo masa a ka, ya shiga gemunsa, ya hau tari. Ba wanda ya yi dariya. Kowa a wurin ya san abin da garin nan yake nufi, kuma kowa ya san wanda ya kafa ɗakin.

Fuljan ta yi maza ta ce, "Ƙwaron bana ne ya yi yawa. Ko gidan ƙanwata haka ya yi musu."

Wasu suka gyaɗa kai. Sun ba ni hanya ke nan, da na yi shiru da an wuce wurin. Na dubi Nogen, yana can yana auna sabuwar dirka da taƙi kamar bai ji ba.

Na ce, "Ba ƙwaro ba ne. Ta bara ce. Kwana huɗu ta yi a ruwa, na shafa mata taɓo. Tawa ta ƙare, na ji kunyar faɗa."

Masu rufi a kafaɗa suna ta zufa. Can sai tsohuwar ta ɗago daga kan gado, don kunnenta ba ya ji sosai.

"Me Tofazzal ya ce?"

Kuddus ya tofar da gari ya ce, "To Kawu, mun ji. Kwanon nan fa nauyi gare shi. Za ka haƙa ramin ko sai mun mutu a tsaye?"

Na karɓi dagi na durƙusa. Rami takwas na haƙa, kowanne har gwiwar hannu da ɗori, ban bar kowa ya karɓe ni ba. Da muka gama Fuljan ta kawo shinkafa da miyar wake da soyayyen barkono. Na ce na ƙoshi. Ta ajiye kwanon a gabana ta ƙi ɗauka, sai da na ci, kowace loma kamar tsakuwa.

Kwana tara bayan nan iskar ta zo, da la'asar sakaliya. Ta ɗauke rumfar Kuddus ta jefa a gonar wani, ta kayar da garke biyu, ta yaye rufin madafar Rohimon. Iskar tana lafawa na hau jinga ba takalmi, ina zamewa a taɓo. Ɗakin yana nan tsaye. Na leƙa ta ƙofa, tsohuwar tana kan gadonta, a sama, tana tauna ganyen pan, goron mutanenmu, tana faɗa wai an bar mata ƙofa a buɗe ruwa ya jiƙa mata bargo.

Yanzu in baƙo ya bi ta jinga ya yaba ɗakin, sai a ce masa ai gorar Nogen Das ce. Gaskiya ne, tasa ce. Ramukan dai ni na haƙa.