Ƙwandala a Hancin Bindiga

Shekara arba'in da ɗaya ke nan Orrin Haugland yana hawa duwatsu zuwa Tafkin Marten a makon farko na Satumba, shi kaɗai da jakarsa a baya: kwana biyu zuwa, kwana uku can yana kamun kifi, kwana biyu dawowa. Matarsa ta yi mita har ta gaji, ta koma ga Mahaliccinta ba ta hana shi ba. Sai ga shi bana 'yarsa Tessa, wadda ya goya a wuya, ta ce babu inda za shi.

Hujjarta ita ce beyar, namun dajin nan masu ƙarfi da manyan farata. Manyan nan masu doro, waɗanda aka daɗe ba a gani ba a wannan yanki na Montana, sun dawo, har ɗaya ta farke wani maharbi a bara. Orrin ya ce yana da gwangwanin barkonon fesawa. Ta ce iskar saman dutse a idonsa za ta mayar masa da shi. Suka yi ta ja har mako biyu, don taurin kai dai a wurinsa ta gada. Daga ƙarshe ta ce, "To, Baba, mu yi haka. Mu je kantin bindigogin Kawu Burl. In ya sayar maka da bindigar da za ka riƙe, ka tafi, ba zan ƙara cewa uffan ba. In ya ƙi, an gama."

Orrin ya amince nan take, har yana dariya a ciki. Burl Okerlund fa! Shekara hamsin suna tare, shi ya tsaya masa ranar aurensa. Mutumin da zai iya sayar wa makaho madubi ne zai hana shi 'yar bindiga? Ya ba ta hannu a kan maganar, na hagu, don na daman yana aljihu.

Hannun daman nan shi ne abin da bai gaya wa kowa ba. Tun ƙarshen sanyi ya soma rawa, da fari babban yatsa kawai, daga baya har wuyan hannu. Likita a wani gari mai nisa ya faɗa masa sunan ciwon, ya ce ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi. Orrin ya dawo gida ya koyi zama da hannu a aljihu, yana ganin ya yi wa duniya wayo.

Ranar Talata da hantsi suka shiga kantin. Warin man bindiga da tsohon kofi ya tare su tun daga ƙofa. Burl yana bayan kanta, tumbinsa ya riga shi isowa gaban gilashi.

"A'a, ga akuyar dutse!" in ji Burl. "Ashe ba ka mutu ba? Na ji an ce beyar ɗin sun kai ƙara, wai namanka ya yi musu tauri."

"Kai da ko matakalar coci ba ka iya hawa sai an tura ka," in ji Orrin. "Fito min da abu mara nauyi, mai gajeren hanci, wanda zai shige aljihu. Ba na son yaran nan masu yawon dutse su gan ni da bindiga a ƙugu su ɗauka ɗan fashi ne."

"Sannu, Kawu," in ji Tessa, ta tsaya can gefe wajen takalma.

Burl ya jera libarba uku a kan ƙyalle, irin ƙananan bindigogin nan masu tulun harsashi mai juyawa. Orrin bai ko kalli biyun ba, ya nuna ta ƙarshe da haɓa. Shi mutum ne mai auna komai a sikelin kicin kafin ya sa a jaka, har mariƙin buroshin haƙori yake yankewa don rage nauyi.

"Na san ita za ka zaɓa, marowacin banza," in ji Burl. "Wannan ba ta kai gwangwanin wake nauyi ba, amma in ta tashi, sai ka ji kamar alfadari ya harbe ka a tafin hannu. Ga ta ƙarfe nan, ta fi nauyi, ta fi biyayya."

"Ni zan ɗauka ko kai? Mil goma sha takwas ne, duk hawa."

"To, ɗauki ka ji."

Orrin ya ɗauka da hagu, ya jinjina ta, ya yaba. Burl ya yi masa wani kallo.

"Yaushe ka zama bahago?"

"Kafaɗa ce ke damuna."

"Kafaɗa." Burl ya karɓi bindigar, ya buɗe tulun, ya nuna masa babu komai a ciki, ya rufe. Sai ya buɗe ɗaya hannun, ga ƙwandala a tafinsa. "Ka san dokar kantin nan. Ka fuskanci bango, in ɗora wannan a kan hancinta, ka ja kunama sau biyar. In ba ta faɗi ba, taka ce."

Orrin ya san wannan gwaji sarai. Sababbin shiga ake yi wa, matasa da matan da suka zo sayen bindigar farko, don a ga ko hannunsu na tsayawa. Shi kansa ya sha tsayawa a nan yana yi musu dariya. Ba a taɓa yi wa irinsa ba, shi da ya harbi barewarsa ta farko yana ɗan shekara goma sha ɗaya.

"Ni za ka yi wa wannan, Burl?"

"Doka ce, Orrin." Bai ɗago ido ba da ya faɗa.

Babu yadda zai yi. Da hagu ko gwangwani bai taɓa harba ba, kuma kunamar irin wannan bindiga tana da tauri. Ya zaro hannun dama daga aljihu, ya kama bindigar, ya tallafe da na hagu, ya matse har jijiyoyinsa suka fito. Burl ya ɗora ƙwandalar a hankali. Orrin ya ɗauke numfashi. A ransa roƙo yake yi, ba ma Allah yake roƙo ba, hannun yake roƙo: ka tsaya min sau biyar kawai, daga nan ka yi abin da ka ga dama.

Bai kai ga jan kunamar ba. Ƙwandalar ta soma kaɗawa tana ƙara a kan ƙarfen, ta zame, ta faɗi a dandamalin katako, ta gangara ƙarƙashin kanta.

"Sake ɗorawa," in ji Orrin.

Burl ya laluba aljihu ya ɗora wata. Wannan karon ya ja sau ɗaya kafin ta faɗi. Ta uku ko zama ba ta yi ba. Hancin bindigar sai zane yake yi a iska, kuma duk wanda ke kantin yana gani. Kunya ta rufe Orrin, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya girma.

Ya ajiye bindigar a kan ƙyallen. A lokacin ne ya lura da abin da ya kamata ya gani tun shigowarsu. Burl bai fito da takardar da ake cikewa ba, alhali kullum ita yake fara turo wa mai saye tun kafin a gaisa. Ƙwandalar farko kuma ba daga aljihu ta fito ba, tana hannunsa tun kafin su buɗe ƙofa. Ya juya ya dubi Tessa. Ta ba shi baya, tana riƙe da wani takalmi da ba girman ƙafarta ba, kafaɗunta na motsi.

Ashe gadar zare aka yi masa, shi kuma ya hau da ƙafarsa yana dariya.

"Ba zan sayar maka ba," in ji Burl. "Ka zage ni in kana so. Beyar in ta taso, daƙiƙa biyu gare ka. Da hannun nan ƙafarka za ka harba, ni kuma a ce ni na ba ka."

Orrin bai zage shi ba, kuma da ya zage shi da ya fi wa Burl sauƙi. Ya gyara hularsa ya fita.

A cikin a-kori-kurar da suka zo da ita suka zauna, ba wanda ya tayar da inji. Daga nan ana hango duwatsun, dusar ƙanƙara ta fari ta riga ta sauka a kawunansu. Jakarsa tana bayan motar, ya ɗaure ta tun jiya don ya tabbata zai tafi.

"Tun yaushe kika sani?" ya tambaya.

"Tun bikin Ista," in ji Tessa. "Na ga ka daina cika kofi, rabi kake zubawa. Na jira ka gaya min, Baba. Wata biyar ina jira."

"Sai kika kai ni gaban mutane."

"Da na faɗa maka a gida, cewa za ka yi ƙarya nake, ka tafi. Ba beyar nake tsoro ba. Akwai inda ka ce min mutum sai ya kama dutse da hannu biyu kafin ya wuce." Ta share hanci da bayan hannu. "Ka yafe min. Ban san wata hanya ba."

Ya so ya yi fushi, ya nemi fushin bai same shi ba. Gaskiya ta faɗa game da wurin nan, shi ma ya kwana biyu yana tunaninsa. Kuma ya ba da hannu a kan magana, bai taɓa janye irin wannan ba.

"In kana so, ranar Asabar in kai ka bakin hanyar tafkin," in ji ta. "Mu ɗan taka mil ɗaya, mu ci abinci a gefen rafi."

"A'a."

Burl ya leƙo ta tagar kantin, ya koma.

"Kin san wani mai ƙafa da zai hau bana?" in ji Orrin can.

"Akwai mijin ƙawata. Me ya faru?"

"A arewacin tafkin akwai wani dutse mai tsagewa, kusa da inda ruwa ke shigowa. Akwai kaskon suya a ciki, na ƙarfe, na naɗe shi da leda. Tun kafin a haife ki na ɓoye shi, don kada in riƙa hawa da shi kowace shekara." Ya dubi hannunsa yana rawa a kan gwiwa, bai mayar da shi aljihu ba. "Ki ce ya sauko da shi. Bai kamata a bar shara a kan dutse ba."