Ranar da Gidan Mama Ya Miƙe

A layinmu babu gida ko ɗaya da ya tsaya tsaye. Masaƙan ulu da suka kafa ƙauyen, shekara ɗari biyar da suka wuce, da ɗanyen katako suka yi gini, yana bushewa yana murɗewa. Na Mama ya fi kowanne karkata. Daga ƙofar falo zuwa taga gangare ne, in ka ajiye tuffa a ƙasa sai ta riga ka isa lungu. Babanmu, kafin ya rasu, ya rage tsawon ƙafafu biyu na teburi don miya ta zauna a kwano. A ciki aka haifi Mama, a ciki ta haife mu, ni Noreen da ƙanena Clive.

Da aka yi mata aikin ido na ɗauke ta zuwa wurina a gari ta yi jinya. Clive ya zo daga Landan ya karɓi makulli, wai zai sauya mata kafet ya kafa abin dafawa a banɗaki. Na ce to, Allah ya shirya mana Clive, yau ya tuna da uwa.

Ranar da na mayar da ita, ta ba ni sandarta a bakin ƙofa kamar kullum, don a cikin gidanta ba ta riƙe sanda. Ba ta kai tsakiyar falo ba sai ga ta a ƙasa.

"Idon ne bai saba ba," na ce.

"Idona lafiya lau. Noreen, wa ya sauko da tagar nan?"

Na duba. Taga tana inda take. Amma wallahi ni ma kaina ya ɗan juya, sai na ɗora wa maganin hawan jinina.

Daga nan abubuwa suka rikice. Dogon agogon Baba, mai tsayawa a ƙasa, ya daina tafiya. Na yi masa wani da makullinsa, ya motsa kaɗan ya sake mutuwa. Shayi a kofi ya koma kwanciya ta ɓangaren ƙofa, alhali teburin nan bai taɓa zubar da ko ɗigo ba. Mama ta buga goshi da gungumen rufi wanda ta shekara tamanin tana wucewa ƙarƙashinsa. Na sauya mata takalmi. Na mayar da ita wurin mai tabarau. Har hukumar kula da tsofaffin gine-gine na kira, ko ƙasa ce ke nutsewa. Mutumin ya zagaya ta waje, ya ɗaga kai ya kalli bango, ya ce gidan yana nan a karkace yadda doka ta san shi, kada mu taɓa ko ƙusa. Na gode, malam, ka taimaka ƙwarai.

Faɗuwa ta biyu ce ta kawo nas. Mace mai kirki, amma ta zauna tana tambayar Mama yau wace rana, wa ke mulki. Mama ta amsa duka, har da ƙarin ra'ayinta a kan mai mulkin. Sannan ta ɓata rawarta da tsalle.

"'Yata, rufin nan saukowa yake yi. Ƙasa kuma tana tasowa ta tare mini ƙafa."

Nas ta ja ni waje. Ta ce haka mantuwar tsufa ke farawa, kuma in Mama ta sake faɗuwa ba za a bar ta ita kaɗai ba, sai gidan tsofaffi. Na ji tsoro, ban ɓoye ba. 'Yar'uwar Mama haka ta ƙare, tana kallon 'ya'yanta tana tambayar su waye.

Washegari da hantsi na iso na tarar da Mama a kujera da rigar sanyinta ta zuwa coci, jaka a gefe.

"Ina zuwa haka?"

"Kira matar nan ta jiya. Ku kai ni."

"Haba, Mama!"

"Gidan da aka yanke mini cibiya ban gane shi ba, Noreen. Gobe ke ce ba zan gane ba. Ku kai ni tun ina iya yi muku sallama da sunanku."

Na shiga kicin don kada ta ga fuskata, na ɗauko kwandon tuffa ba don kowa na so ba, na dawo da sauri ina share ido. Ƙafata ta tafi neman gangaren da ta sani tun ina rarrafe, ta ci karo da ƙasa tun kafin lokaci. Na zube, ni da kwando.

Ina kwance ina zagin gwiwata sai na ga tuffa. Sun watse a kafet, kowace ta tsaya inda ta faɗi. Ko ɗaya ba ta tafi lungu ba.

Na kalle su, na kalli Mama. Na rarrafa bakin taga, na sa farce na ɗaga gefen kafet. Sabon falanki fari tas, da ƙanshin kanti. Na ɗauko waya.

"Clive, me ka yi wa falon Mama?"

"A'a, kin gano ke nan!" Har da dariyarsa. "Na sa an shimfiɗa sabon daɓe a bisa tsohon, ya daidaita sak. Tsohuwa mai ciwon ido ga gangare, so kike ta karye? Ban faɗa ba ne don kin san halinta."

"Sau biyu ta faɗi, sakarai! Ga ta nan ta haɗa jaka, ta ce ta haukace!"

"A kan shimfiɗaɗɗen wuri? Ta yaya mutum zai faɗi a..."

Na kashe. Na zaro ƙarfen tona wuta daga murhu na fara ɓamɓara. Maƙwabcinmu ya ji ƙara ya leƙo, ya koma ya zo da kayan aikinsa. Mama tana zaune da jakarta a cinya, muka ɗauke ta da kujerar zuwa bakin ƙofa. Kafin la'asar tsohon katako ya fito, baƙi wuluk, da kwarmin da ƙafafun kakanninmu suka yi a tsakiya.

Ta miƙe. Na miƙa mata hannu ta doke shi. Ta cire takalmi, ta rufe idon da aka sha wahala a kansa, ta gangara. Ta wuce ƙarƙashin gungumen ba ta sunkuya ba, ta dafa taga daidai inda fentin ya goge.

Ta jima a tsaye ba ta juyo ba.

"Na riga na yi wa komai bankwana, Noreen," ta ce. "Har da ke."

Sai ta share hanci da hannun rigar cocin, ta nuna jakar da haɓa.

"Mayar mini da kayan nan sama. Kuma in ƙanenki ya sake bugowa, ki ce ban gane shi ba."