Inuwar da Barira Take Zama

Mutari, ɗan Alkasum baduku, shi ke rubuta sunaye a jikin manyan motocin da ke zuwa Kano daga Damagaram. In launi ya rage a gwangwani, sai ya kawo gida a unguwar Birni, ya yi zane a allon katako.

A bazarar 1960 ya kafa allonsa a tsakar gida, ya ce zai zana mahaifiyarsa Barira tana ɓarar gyaɗar iri da za a kai gonarsu ta Gaffati.

"A cikin wannan tsumman?" in ji ta. "Bari in sa kayan kirki."

"Inna, a haka na san ki. Ki yi aikinki kawai."

Kwana tara ya yi yana zanen, bai bar kowa ya leƙa ba.

Da bikin 'yancin kai ya zo a watan takwas, mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya nemi hotunan da za a rataya a makarantar. Wasu suka kai tuta, wasu taswirar ƙasa. Mutari ya kai allonsa. Da Barira ta ji mata suna ta tsayawa a gabansa, sai ta yafa mayafi ta tafi ta gani.

Bai ɓoye kome ba. Ga kaushin diddigenta, ga gyaɗar nan a bakin yatsunta, ga kazar da ke satar mata ta gefe. Amma abin da ya tsayar da ita yana bayanta. Alkasum ne a tsaye, basillarsa a baki, yana jawo zana da hannu biyu don inuwa ta sauka a kanta, fuskarsa na kallon wani wajen.

"Yaushe babanka ya taɓa yin haka?"

"Kullum, Inna," in ji Mutari. "Da rana ta karkata bayan azahar sai ya taso daga zaure, ya ja zanar, ya koma. Ke kanki na ƙasa."

Shekara talatin da huɗu tana gidan, da mutumin da magana ba ta dame shi ba. Ita a zatonta inuwar da kanta take zuwa. Ta daɗe a wurin kafin ta tafi.

Washegari rana ta buɗe bayan ruwan safe. Tana tsinkar zogale ta ji takun Alkasum, sannan ta ji ƙarar zana a ƙasa. Ba ta ɗaga kai ba.

"Sannu, Malam."

Ya yi tsaye cak. "Iska ce ta karkatar da ita," in ji shi.

Ta matsa gefen tabarma, ta turo ƙwaryar zogalen tsakiyarsu. Ya duba ƙofar zaure, sannan ya zauna ya sa hannu. Ganye da itace yake haɗawa, bai iya ba sam. Ta bar shi ya yi ta yi, daga baya ta tsince.