Fetur a Baki

Maigidana bakanike ne, shekara ashirin da biyu yana hura wa kafiretar injin mota fetur da baki. In mota ta ƙi tashi, sai ya zare tiyon mai, ya zuƙa ya cika kumatu, ya fesa a injin, wani na murza makulli. Na yi magana har na gaji. Kullum amsarsa ɗaya: "Ke dai kula da tukunyarki." Sabo turken wawa, amma wa ya isa ya faɗa masa?

Ran nan da safe tsohuwar motarmu ta ƙi tashi a ƙofar gida. Ya ɗaga bonet, ya miƙo mini makulli.

"Shiga. In na ɗaga hannu, ki murza."

"Haba Maigida, ka zuba da murfin gora mana, ka ja baya."

"Yau kuma ke za ki koya mini aiki?"

Na shiga. Ta ƙasan bonet ina hango kumatunsa sun cika kamar na mai busa balan-balan, fetur na bin gemunsa. Ya ɗaga hannu, na murza.

Injin ya yi tari sau ɗaya, wuta ta yo sama ta kama gemun.

Na ƙwalla salati, na rasa hannun ƙofar da nake buɗewa kullum. Da na fito na wawuri bokitin ruwa, sai telan da ke maƙwabtaka da mu ya daka mini tsawa: "Kar ki zuba! Fetur ne!" Ya yayimo zannuwan gado daga kan igiyar shanya ya lulluɓe masa kai. Wutar ta mutu, Maigida ya durƙushe yana tarin da ban taɓa jin irinsa ba.

A asibiti likita ta dubi ƙunar ta ce da sauƙi. Har na fara hamdala.

"Baiwar Allah, ba ƙunar ce ke damuna ba," ta ce. "Da ya firgita ya ja numfashi, feturin bakinsa ya wuce huhu. Kwana biyun nan su za su nuna mana."

Na nemi benci na zauna. Ni na murza makullin nan da hannuna.

Aka bar ni na shiga. Yana kwance da robar numfashi a fuska, babu gemu, babu gira. Ya yafuto ni da yatsa, na sunkuya ina jiran wasiyya.

Da ƙyar muryar ta fito: "Ta tashi?"

Motar ta tashi kuwa. Da ita telan ya kawo mu.