Ranar da Sallau Ya Goyi Ƙato

Mahaman yana ɗaure kaya bisa jakinsa na uku igiya ta kuɓuce masa, ya bi ta ya faɗi zaune. Kwana biyu ke nan zazzaɓi yana cin sa yana ɓoyewa. Ya naɗa rawani har bisa hanci wai rana ce ta dame shi, shi da duk garinsu Sukukutane an san ba abin da ke rufe masa baki, ko tuwo.

Su tara ne da jakai talatin da shida, sun ɗauko gishiri daga Foga, shekara ta uku bayan Nasara sun sauke tutarsu. Saura tafiyar rabin yini su shiga Dogon Dutsi, kuma Juma'a ce, ranar kasuwa. A bayansu akwai ayarin Usman na Guéchémé. Shekara ashirin ana wannan tsere tsakanin Usman da madugunsu Buba: wanda ya riga shiga kasuwa shi ke sayarwa yadda ya so, na biyu ya tarar kowa ya cika jaka. Shekara huɗu a jere Usman ke riga su. Bana ne kawai suka ba shi rata, har Buba ya fara gyaran gemu tun a hanya.

Buba ya zo ya tsaya a kan Mahaman, ya sa sanda ya janye rawanin. Ƙuraje ne jere a goshi, wasu a tafin hannu. Ba wanda ya kira sunan abin, amma kowa ya san agana. Mutum bakwai suka ja da baya lokaci guda, kamar an ja su da igiya.

Mahaman ya san abin da ke biyo baya, don al'adar fatake ce. A kafa wa mutum bukkar kara nesa da hanya, a aje masa goran ruwa da garin gero, a yi masa addu'a, a wuce. Ba garin da zai bar ayari mai agana ya kusanci rijiyarsa. Shi kansa da hannunsa ya taɓa ɗaura irin wannan bukka, shekara shida da suka wuce, don wani baƙo da ya biyo su, bai kuwa taɓa tambayar yadda mutumin ya ƙare ba. Ya dubi dajin, ba kowa sai sabara da rairayi. Bakin nan nasa da ba ya gajiya ya bushe.

"Madugu," ya ce da ƙyar, "in za ku kafa ta, ku sa ƙofa ta dubi hanya."

Buba ya kau da kai. Yana duban kudu, inda ayarin Usman zai ɓullo.

Mutum ɗaya ne bai ja da baya ba, Sallau. Agana ta kama shi yana ƙarami, ta bar masa fuska duk zanzana, kuma kowa ya san ba ta kama mutum sau biyu. Wannan Sallau kuwa, Mahaman ne ya laƙa masa suna Rariya, a bainar jama'a, ranar wani suna. Mata suka ɗauka, yara suka ɗauka. An ce har wata bazawara da ta fara sauraronsa ta fasa, wai ba za a kira ta matar Rariya ba. Sallau bai taɓa ramawa ba. Shi dai ba mai magana ba ne, har ana cewa jakansa sun fi uwargidansa jin muryarsa.

Sallau ya kwance kayan jakin Mahaman ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a ƙasa. Ya ce shi zai riƙe mutumin, su biyu su bi baya, inda iska ba za ta kai wa kowa ba. Abin da yake buƙata kawai a kora masa jakansa, a kuma raba wannan kaya.

Wani ya ce ai in sun tafi da shi ba rijiya, ba inuwar gari, sai zagaye. Wani ya ce Usman fa. Aka yi ta ƙananan maganganu kowa na kallon ƙafarsa. Can sai Buba ya sunkuya, tsoho mai shekara sittin da ɗoriya wanda rabonsa da ɗaukar kaya tun kafin yaƙin Nasara, ya ɗaga ɗaurin gishiri guda ya aza a ka. Sauran suka dubi juna, kowa ya je ya ɗauki nasa.

Haka suka kama hanya, ayari a gaba, Sallau da Mahaman can baya kamar jifa biyu. Mahaman bisa jaki, Sallau a ƙasa, hannu ɗaya a bayansa. In ya karkata ya tallafe shi, in ya yi amai ya share masa da gefen riga. Yana jiƙa tsumma yana matsa masa a leɓe.

Da hantsi ayarin Usman ya cim musu. Usman ya ga tsohon abokin hamayyarsa da kaya a ka, ya ga mutum biyu a ware, ya gane. Bai yi sallama ba. Ya karkatar da jakansa suka yi nisa da hanya, suka wuce da sauri, kowa ya rufe hanci. Buba ya bi su da kallo har suka shige, wuyansa na rawa ƙarƙashin gishirin.

Da suka hango ƙauyen da ke da rijiya ta ƙarshe, tuni maza sun fito da sanduna sun tsaya a bakin gari. Labari ya riga su. Aka yi musu nuni da hannu su zagaya ta yamma. Mutanen Buba suka yi ta tsine wa Usman, wai cin kasuwa bai ishe shi ba sai ya haɗa da ƙishirwa. Ruwan da ya rage musu bai cika gora biyu ba, Buba ya ce a aje ɗaya a hanya Sallau ya ɗauka.

Zagayen nan rairayi ne mai cin ƙafa. Jakin Mahaman ya yi ta nutsewa, daga baya ya durƙusa ya ƙi tashi. Mahaman ya zame ƙasa. Ya ce wa Sallau ya isa haka, ya yi abin da ko ɗan'uwa ba zai yi ba, ya bar shi a nan.

"Kama wuyana," in ji Sallau.

"Ni ne fa, Sallau. Ka manta abin da na..."

"Ban manta ba. Kama wuyana."

Ya warware rawaninsa, ya durƙusa, ya goya shi ya ɗaure a ƙirji yadda mace ke yi. Mahaman ƙato ne, ya fi Sallau tsawo, ƙafafunsa na jan ƙasa. Na gaba suka waiwayo suka gani. A wata rana da an samu abin dariya na shekara, amma ba wanda ya ko murmusa. Suka rage sauri ba tare da an ce su rage ba. Mahaman yana jin numfashin Sallau yana fita kamar zuga-zugi, yana jin ƙashin bayansa a ƙirji, ga ƙurajensa na gugar wuyan mutumin, shi kuwa ko gezau.

Inda zagayen ya koma kan hanya akwai wata aduwa. Buba ne ya fara ganin abin da ke reto a rassanta. Salka shida, cike, ruwa na ɗiga daga gindinsu. Kowace da tambarin Usman a wuya. Mutanen da suka gama tsine masa suka tsaya da baki buɗe. Buba ya sauke kayansa ya taɓa ɗaya, ya ji sanyinta, ya ce a fara kai wa na baya.

Sai bayan la'asar suka hango dutsen. Kasuwa ta watse, mata na fitowa da gishirin mutanen Guéchémé a ƙwarya. A wajen gari wani mutum da farar riga yana zaune kusa da kekensa, likita Barthélemy. Ya ce wani madugu ne ya zo ya gaya masa, amma fa sai da ya gama sayar da kayansa tas. Ya sa aka kai Mahaman wata bukka bayan gidan likita, ya jera sauran ya yi musu lamba a dantse. Ya ce su yi kwana goma sha huɗu a bayan gari kafin su shiga mutane, in kuwa sun fi so, a can gefen garinsu ma ya yi.

Daga inda yake kwance Mahaman yana ganin waje. Ya zuba ido ya ga wa zai fara kora jaki. Ya ga Buba ya zaɓi gindin wani gawo, an fara sauke kaya, wani ya tafi neman itace. Ya ƙirga su sau biyu, ba wanda ya kama hanyar gida.

Kafin rana ta faɗi Sallau ya shigo da ƙwarya, fate ne mai ruwa-ruwa. Ya ɗaga masa kai ya ba shi. Mahaman ya kurɓa, ya yamutsa fuska, bakin ya ɗan dawo.

"Jaki talatin da shida na gishiri a waje, ka kawo mini wannan lami?"

"Gobe ƙurajen za su cika maka baki," in ji Sallau. "Gishiri wuta ne a kansu. Na sani."

Mahaman ya dubi fuskar nan da kyau, karo na farko. Ya buɗe baki, Sallau ya kai masa ludayi.