Kwamfutocin Malam Sabitu

"Ba inda za ni sai an kawo su," in ji Malam Sabitu, ya ture hannuna. Mota na jira a ƙofar gida, matarsa Na'ima na tsaye da ƙunshin kayan asibiti, ƙafafunsa kuwa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Birchi. Ni Tukur tela ne, shi malamin firamare. Bara aka tura shi Dutsin-Ma koyon kwamfuta, ya dawo yana ta rawar jiki sai ka ce ango. An yi masa alkawarin na'urori, shi zai koyar da yara. Ya gyara ɗaki guda a makaranta, ya zana maɓallai a kwali, yara na dannawa.

"Haba Malam, kwamfuta ce za ta yi maka allura?" na ce.

"Tukur, Garba ya ce mako mai zuwa. In suka iske ba ni, wata makarantar za a kai su."

Garba shi ne hedimasta, abokinsa tun ƙuruciya. Tun damina yake wannan "mako mai zuwa".

Da ciwo ya tsananta na tafi ofishin ilimi na Kurfi da kaina in roƙa a hanzarta kawo kwamfutocin. Ma'aikacin ofis ya dube ni da mamaki.

"Ai tuni aka ba ku. Hedimastanku ya ɗauka, har hoto aka yi."

A hanyar dawowa na gan su da idona, jere a shagon buga takardu na ƙanin Garba. Na kasa gaya wa Malam, sai na ce ya tashi mu tafi asibiti, ko ya so ko ya ƙi. Ya cika a mota kafin mu kai Dutsin-Ma. Maganarsa ta ƙarshe, "A bar makullin ɗakin wurin Garba."

Garba har sahun gaba ya tsaya a jana'iza, yana share ido. Da ya miƙo mini hannu na sa nawa a aljihu. Har yau ban yafe masa ba.

Ran Litinin na bi ta makarantar. Yara sun share ɗakin tas, biyu daga cikinsu na shimfiɗa ƙyallen tare ƙura a kan tebur, babu komai a ƙarƙashi.